Waƙar Tatsar Inna a Alƙahira

Ranar da na sauka a Alƙahira babu wanda ya zo tarbata. Na zauna a kan jakata a bakin ƙofar filin jirgi tun hantsi har aka kira la'asar, ina leƙen duk kwalin da aka ɗaga da suna a jiki, babu nawa. Da na gaji na tari wani mai tasi na nuna masa adireshin da aka turo mini. Na yi masa magana da Larabcin da na koya a Islamiyya, ya dube ni ya fashe da dariya, ya ce ina magana kamar liman a kan mumbari. Ya yi ta zagayawa da ni cikin gari, daga ƙarshe ya nuna mini wani dogon bene ya ce nan ne. Sai da ya tafi na gane ko unguwar ma ba ita ba ce. Wani mai gadi ne ya ga ina ta juyi da takarda a hannu, ya bar kujerarsa ya taka da ni har tashar jirgin ƙasa, ya rubuta mini a tafin hannu sunan inda zan sauka.

Sunana Sa'idu. A Gwiwa aka haife ni, gidanmu gidan kiwo ne da noma. Tun ina bin shanu nake zana su da tsinke a ƙasa, da na girma na koma Kazaure ina rubuta allunan shaguna da zanen bayan adaidaita. Idan na samu sarari sai in zana shanunmu in sa a intanet. A can wani kamfani na Masar ya gani. Suka ce suna shirya fim ɗin katun mai waƙoƙi a kan wata yarinya makiyayiya da fari ya raba ta da uwarta, kuma da hannu za su zana shi kamar yadda aka yi finafinan da, waɗanda har yau ake kallo. Suna neman wanda ya san shanu. Abin da ya kai ni ke nan.

Kamfanin yana hawa na uku a wani tsohon bene. Daraktan fim ɗin, wani mai suna Ustaz Madhat, ya tarbe ni da fara'a, ya ce direba ne ya manta da ni. Ya karɓi fasfona ya ce za a kai ofishin da ke ba da izinin zama. Aka ba ni wani ɗan ɗaki a saman rufin benen, kusa da tankunan ruwa da igiyoyin shanya. Daga nan idan na duba ba na ganin komai sai rufi bayan rufi. Ni da na saba in buɗe ido in ga duwatsu da gonakin gero, sai na ji kamar an rufe ni a cikin akwati. Abinci kullum dafaffen wake da gurasa. Na yi wata biyu ina mafarkin fura da nono. A titi yara kan bi ni suna kirana da launin fatata, manya suna jin su ba sa cewa komai.

A wajen aiki aka zaunar da ni kusa da wani tsoho, Ammu Salah. Ya haura saba'in, yatsunsa sun karkace saboda riƙon fensir. Tun yana saurayi yake wannan aiki. Teburinsa da nawa iri ɗaya ne: gilashi ne da fitila a ƙarƙashi, ka ɗora takarda a kan takarda kana hango zanen baya, ka zana na gaba ya ɗan gusa kaɗan. Ranar farko ya tattara takardu goma sha biyu ya kaɗa su da babban yatsa, sai ga tsuntsu yana tashi.

“Wannan daƙiƙa ɗaya ce, ɗana,” in ji shi. “Fim ɗin kuwa ya fi awa. Ka zo da haƙuri ko a gida ka baro shi?”

Na ce na zo da shi.

Da ya nuna mini shanun da suka zana kafin zuwana, dariya ta kama ni, na danne. Shanu ne gajeru masu ƙiba, babu tozo, kuma idan za su miƙe da ƙafafun gaba suke farawa kamar doki. Na ce masa saniya da ƙafafun baya take fara tashi. Na zana masa farar saniyarmu, da ƙahonta, da tozonta yana rinjaya gefe idan tana tafiya, da fatar wuyanta tana reto. Ya cire tabarau ya daɗe yana kallo.

“Shekara hamsin ina zana dabbar da ban taɓa taɓawa ba,” ya ce. “Daga yau kai za ka koya mini saniya, ni in koya maka motsi.”

Haka muka yi. Kowace safiya sai ya buɗe ƙunshin da matarsa ta yi masa ya raba biyu, ko tambayata ba ya yi. Shi ya koya mini Larabcin titi, shi ya raka ni na sayi rigar sanyi da hunturunsu ya shigo. A garin nan gaba ɗaya shi kaɗai ke tambayata labarin gida, kuma ya tsaya ya ji amsar.

Ina da wata takwas a garin sai aikin ya tsaya cak a kan waƙa ɗaya. Akwai wuri a farkon fim ɗin da uwar yarinyar ke tatsar saniya tana waƙa, kuma waƙar ce yarinyar za ta riƙe a ranta har ƙarshe. Mawaƙin kamfanin ya kawo uku, Ustaz Madhat ya ƙi su duka, ya ce suna ƙamshin birni. A irin waɗannan finafinai sai an gama waƙa ake zana baki, don haka muka zauna jira.

Wata rana ina zana hannun mai tatsa, ban san ina rera komai ba. Sai na ga mutum tsaye a kaina. Madam Nadiya ce, mai ɗaukar sauti, mace mara yawan magana.

“Wace waƙa ce wannan?”

Na ce ta mahaifiyata ce. Da Fillanci take yin ta idan tana tatsa, don saniya ta saki jiki ta ba da nono. Babu wani abu a ciki sai sunayen shanunmu, da roƙon su yi haƙuri, damina na tafe.

Ta tafi ta dawo da Ustaz Madhat. Ya sa na maimaita sau uku. Ya ce muryata ba za ta yi ba, mai waƙar yake so ya ji da kanta.

Inna ba ta riƙe waya. Na kira ƙanwata Hajjo da ke aure a Roni, ta hau babur ta je Gwiwa, ta nemi izinin Baffa, mahaifinmu. Ranar da aka sa, Madam Nadiya ta haɗa wayata da na'urarta a cikin ɗan ɗakin ɗaukar sauti. Bayan mun gaisa na yi wa Inna bayani.

“Kai,” ta ce, “waƙar saniya ce fa. Ba a yi wa mutane.”

“Inna, saniya za ki yi wa. Ni na zana ta, fara ce kamar tamu.”

“Su waye a wajen?”

“Mutum biyu ne. Kuma sun ce za a rubuta sunanki a ƙarshen fim ɗin.”

Ta yi 'yar dariya, tari ya biyo baya. “Me zan yi da suna a rubuce, ni da ban iya karatu ba?”

Na ji Hajjo tana lallashinta. Sai muryarta ta fito, siririya, tana rawa kaɗan. Na rufe ido na ga garkenmu da hantsi, na ji ƙarar nono yana faɗawa ƙwarya. A tsakiya tari ya tsayar da ita, ta numfasa ta ci gaba. Da ta kai ƙarshe Ustaz Madhat ya yi tsalle ya rungume ni, ya ja ni waje yana ƙwala wa ma'aikata kira su zo su ga wanda ya ceci fim ɗin. Kowa na miƙo hannu. Da na samu na koma, an riga an kashe waya daga can.

Bayan sati uku Hajjo ta kira ni ina kan tebur.

“Hamma, an kwantar da Inna a asibiti a Kazaure. Tarin nan ne. Ta hana mu gaya maka, amma ni dai na ga bai kamata ba.”

Na tashi na tafi ofishin Ustaz Madhat. Ya nuna damuwa sosai, har ya sa aka kawo mini shayi. Ya ce fasfona har yanzu yana wajen hukuma, ba ya fitowa sai nan da sati biyu, in yi haƙuri in ci gaba da aiki, da ya fito shi da kansa zai kai ni filin jirgi. Na yarda. Sati biyu suka wuce, ya ce saura kwana goma. Kullum ina kiran Hajjo, kullum ta ce da sauƙi, Inna tana barci.

Ranar wata Talata da safe waya ta yi ƙara. Muryar Baffa na ji, shi da bai taɓa kirana ba tunda na tafi.

“Sa'idu, sai haƙuri. Mahaifiyarka ta riga mu gidan gaskiya da asuba. Za mu kai ta kafin azahar.”

Ban san abin da na ce masa ba. Na dai san na ajiye wayar a kan gilashi na ci gaba da kallon takardar da ke gabana, fitila tana haska ta daga ƙasa. Ammu Salah ya miƙo hannu ya kashe fitilar. Bai tambaye ni komai ba, fuskata ta gaya masa. Ya kama hannuna muka sauka. Bayan sallar azahar a masallacin unguwa ya je ya yi wa liman magana, sai na ga mutane sun sake tsayuwa sahu. Suka yi wa Inna salla daga nesa, abin da ban saba gani a wajenmu ba. Masu shaguna ne da direbobi, ba wanda ya san ta, ba wanda ya san inda Gwiwa take a duniya. A cikin sahun nan kuka ya ƙwace mini.

Kwana uku tsohon nan yana hawa bene har rufi da ƙafafunsa masu ciwo, ya kawo abinci daga matarsa, ya zauna a bakin ƙofata. Ya ce ba a barin mai makoki shi kaɗai. Madam Nadiya ta zo sau ɗaya, ta tsaya daga nesa ta yi mini ta'aziyya ta juya.

A rana ta huɗu na koma aiki, na tarar an ajiye mini wata doguwar takarda. An yanka waƙar Inna gaɓa-gaɓa, an rubuta inda baki zai buɗe da inda zai rufe. Ni aka ba zanen bakin uwar, tunda ni kaɗai na san abin da take faɗa. Ammu Salah ya ce zai karɓar mini. Na ce a'a.

Sati bakwai na yi a kan wannan aiki. Sai in sa abin ji a kunne, in saurari gaɓa ɗaya, in mayar baya, in sake saurara, sau ashirin, sau talatin, har in ga yadda leɓenta ya motsa. Ban taɓa tsayawa na ƙare wa fuskar Inna kallo ba tana raye, mu ba ma yin haka. Sai ga shi bayan ranta na san bakinta fiye da komai a duniya. Na sa wa uwar fim ɗin wushiryarta. Na sa mata baƙin leɓenta na ƙasa irin na matanmu. Inda tari ya tsayar da ita, na zana uwar ta juya kai ta dubi 'yarta, sannan ta ci gaba. Wasu takardun sai na sake su saboda hawaye ya ɓata su. Abin da ya riƙe ni shi ne, na ce ko ban samu jana'izarta ba, yara a ƙasashen da ba ta taɓa ji ba za su ji muryarta.

Da aka gama haɗa fim ɗin aka tara mu a wani ɗakin kallo. Na sa sabuwar riga. Fitilu suka mutu, ga shanuna suna tafiya a jikin bango, manya-manya, tozo yana rinjaya. Ga uwar ta durƙusa da ƙwarya. Ta buɗe baki.

Ba muryar Inna ba ce.

Wata shahararriyar mawaƙiyarsu ce, murya mai ƙarfi, da goge da kiɗa suna bin ta. Karin waƙar na Inna ne, ko kaɗan ba a canza ba, amma kalmomin Larabci ne a kan wata da taurari. Sunayen shanunmu babu ko ɗaya. Bakin da na zana yana faɗar wani abu da Fillanci, muryar tana faɗar wani abu daban, kuma a ɗakin nan ni kaɗai na sani. Mutane suna share hawaye, suna tafi. Na zauna har ƙarshe ina bin jerin sunaye. A wajen waƙar sunan mawaƙin kamfanin aka rubuta. Nawa yana can ƙasa cikin masu zane. Na Inna babu.

Washegari na shiga ofishin Ustaz Madhat ba tare da sallama ba, abin da ban taɓa yi wa babba ba.

“Ina muryar mahaifiyata?”

“Zauna, Sa'idu. Muryar waya ce, ga tari a ciki. Wa zai shiga sinima ya saurari wannan?”

“To sunanta fa? Kai ka ce za a rubuta.”

“Waƙar gargajiya ce. Irin wannan ba ta kowa ba ce.”

“Tata ce. Ita ta yi ta. Shanun da ke ciki ni na yi kiwon su.”

Ya ɗaga kafaɗa ya ce lauyoyi sun riga sun duba. Na ce to ya ba ni fasfona. Ya jawo aljihun teburinsa, nan gabansa, ya ciro shi ya miƙo mini. Na buɗe. Hatimin izinin zama yana nan, an buga shi tun watana na biyu a garin. Duk kwanakin da Inna take kwance a Kazaure ina zuwa ina roƙonsa, fasfon yana ƙarƙashin hannunsa, shi kuma yana zuba mini shayi.

Na dube shi, ya kau da kai ya ce, “Da ka tafi, da wa zai zana?”

Ban zage shi ba. Na fita.

Ranar da zan taho Ammu Salah ya raka ni har filin jirgi. A hanya ya ce shi ma ya zana abubuwa da yawa da sunan wasu ke kai, amma bai taɓa jin kunyar sana'arsa ba sai a kaina. Madam Nadiya kuwa a ƙasan bene ta tare ni, ta danƙa mini wani ɗan memori a hannu.

“Duk abin da na ɗauka ranar yana ciki, ban yanke komai ba,” ta ce. “Idan suka sani za su kore ni. Kada ka saurara kai kaɗai.”

Fim ɗin ya karɓu. An juya shi zuwa harsuna da dama, ana cewa yana cikin waɗanda za a daɗe ana kallo. Har a Kazaure na taɓa jin waƙar tana tashi daga wayar wata mata a cikin adaidaita, 'ya'yanta suna bi. Na sauka ban kai inda za ni ba.

Amma kafin wannan, kwana biyu da isowata Gwiwa, bayan na je kabarinta, na aika aka kira Hajjo daga Roni. Da yamma, an yi ruwa an ɗauke, muka zauna a tsakar gida, Baffa yana kan tabarma. Na sa memorin a waya. Muka ji gaisuwarmu, muka ji dariyarta, muka ji waƙar. Baffa ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Da ta kai ƙarshe na ji ihun Ustaz Madhat da ƙarar ƙofa, na kai hannu zan kashe. Hajjo ta riƙe mini hannu.

“Bari, Hamma. Da saura.”

Aka ɗan yi shiru a cikin wayar, sai kukan ɗan maraƙi daga nesa. Sannan muryar Inna, ƙasa-ƙasa.

“Ya yi? Kana ji na?”

Shiru.

“Muryarka ta canza. Kana cin abinci kuwa?”

Shiru. Na ji numfashinta. Sai ta ce:

“Sa'idu.”

Ni ne ɗanta na fari. Tunda na zo duniya ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ko a gaban mutane ko a bayansu, kunya ba ta barin ta. Ta sake faɗa, a hankali, kamar mai gwada ko ya dace da bakinta.

“Sa'idu. Yaushe za ka zo?”

Ta jira. Na'urar tana ta ɗauka a ɗakin da babu kowa, ni kuwa ina waje ana shan hannu da ni. Daga ƙarshe ta ce wa Hajjo, “Kashe. Aiki ya yi masa yawa.”

Baffa ya ajiye carbinsa. Ya ce, “Ni ma yau na fara jin ta faɗe shi.”

Hajjo tana kuka ta ce ta kasa gaya mini ne ina can. Na ce ta mayar mini baya kaɗan. Ta mayar. Muryar ta sake fitowa, ta kira ni.

Na ce, “Na'am, Inna.”